Yadda Za Ka Toshe Ƙofar Bayan Na'urar Amsa Waya, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ake ta aiko mini a kan na'urar nan da ke ɗaukar saƙo idan ba kowa kusa da waya: yaya mutum zai gane ko wani yana sauraron saƙonninsa daga waje, kuma me zai yi ya hana? Wasu a ofis suke da ita, wasu a gida, wasu kuma ba su ma san cewa tana cikin gindin wayarsu marar igiya ba sai da suka ga fitila tana ƙyaftawa. Ga amsar a jere, yadda nake yi da hannuna.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, kusan kowace irin wannan na'ura tana da ƙofar baya. Kana nesa sai ka kira lambarka, na'urar ta ɗauka, ka danna wata gajeriyar lambar sirri, ta shiga karanto maka saƙonni. Don matafiyi aka yi hakan. Amma na'urar ba ta san muryarka ba, ba ta tambayar daga ina ake kira. Duk wanda ya danna lambar daidai, a wurinta shi ne mai gida. Kowa zai ce maka "canza lambar", kuma gaskiya ne, sai dai a wurina wannan mataki na huɗu ne. Akwai abin da ya riga shi.

Abin da za ka tanada

Na'urar kanta a jone da wuta da layi, ɗan littafin da ya zo da ita, wata waya ta biyu mai kuɗin kira, biro da takarda, da sabon batir idan irin mai ɗaukar batirin ajiya ce. Idan littafin ya ɓata, juya na'urar ka kwafi sunan kamfani da lambar samfurin, ka nema a intanet. Kamfanoni da yawa sun sa littattafansu kyauta. Abin da za ka kashe bai wuce kuɗin kira shida ko bakwai da na batir ba. Lokaci kuwa, ka ware kamar awa ɗaya da ba a cika kiran layin ba. Babban kashe kuɗi zai zo ne kawai idan na'urar ta faɗi gwajin da ke mataki na huɗu, kuma ka ga ba ka iya rabuwa da sauraro daga nesa.

Gargaɗi tun kafin a fara: duk gwajin da ke ƙasa a kan na'urarka za ka yi, ko wadda mai ita ya ba ka izini da bakinsa. Shiga saƙonnin wani ba da saninsa ba laifi ne a ƙasashe da dama. A Ingila, a watan Janairun 2007, an ɗaure wani ɗan jaridar News of the World da wani mai binciken sirri da ke masa aiki saboda sauraron saƙonnin muryar ma'aikatan gidan sarauta, kuma wannan badaƙala ce ta kai ga rufe jaridar a Yulin 2011.

1. Nemo lambar da na'urar ta zo da ita

Buɗe littafin ka nemi sashen sarrafa na'ura daga nesa. Allon na'urar da littafin galibi da Turanci suke, don haka kalmomin da za ka nema su ne "Remote code", "Remote access" ko "Security code". Abu uku za ka rubuta a takardarka: lambobi nawa ne lambar sirrin, wace ce aka saka mata daga masana'anta, kuma ana iya canza ta ko a'a.

Nan ne mutane ke fara riƙe baki. Samfura da yawa na kamfanonin VTech da AT&T da lamba 19 suke fitowa. Na Uniden da yawa 80. Na Panasonic da yawa 111. Ba wani asiri na tona ba, a buga suke cikin littattafan da kowa zai iya saukewa. Wasu tsofaffin na'urori ma a kan takardar da aka manna a ƙasansu aka rubuta lambar, kuma ba ta canzuwa ko kaɗan, ko kuma lamba ɗaya kawai daga ciki ake bari ka taɓa. Wanda ya taɓa shigowa ya ɗaga na'urar ya leƙa, ya gama da kai.

Kada ka ce ai ba wanda ya san irin na'urar da kake da ita. Idan muryar kamfani ce take gaishe da masu kira, wato ba ka naɗi taka ba, wanda ya saba zai gane samfurin daga muryar kawai.

2. Kira kanka daga waje

Ɗauki waya ta biyu, ka kira layin, ka bari na'urar ta ɗauka. Tana cikin gaisuwa sai ka danna lambar da ka samu a mataki na ɗaya. Wasu na'urori sai an fara danna tauraro ko alamar # kafin lambar. Littafin zai faɗa maka. Idan ka ji ta yanke gaisuwa ta ce kana da saƙo kaza, ko ta yi ɗan tsuwa tana jiran umarni, to ƙofarka a buɗe take tun ranar da aka fito da na'urar daga kwali.

Na taɓa yin wannan gwajin a wani ƙaramin ofis, mai ofishin yana tsaye kusa da ni. Ya rantse bai taɓa kunna wani sauraro daga nesa ba, bai ma san da shi ba. Na fita baranda da wayata, na kira, na danna lambobi biyu, na sa a lasifika. Sai ga muryar wata mata tana faɗin sunanta, da lambar wayarta, da ranar da za ta zo karɓar takardunta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara nawa ke nan haka?" Shekarun na'urar ke nan.

Ba ka gama ba. Yanzu kashe amsawar da maɓallinta, yadda kake yi idan za ka yi tafiya, ka sake kira, ka bar wayar ta yi ta ƙara. Na'urori da yawa idan ƙarar ta kai sau goma, wasu sha biyar, sai su ɗauka da kansu su nemi lambar sirri, don mai gida ya iya kunna su daga nesa. Ma'ana kashe maɓallin amsawa bai rufe ƙofar baya ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: mutum ya kashe na'ura ya kwanta da zuciya ɗaya, alhali mai haƙurin jiran ƙara goma yana iya kunna ta.

3. Yanke shawara: kana buƙatar ƙofar ko a'a?

Tambayi kanka yaushe rabonka da sauraron saƙo daga waje. Idan amsar ita ce ba ka taɓa ba, ko ka manta, to ba gyaran kwaɗo ya kamace ka ba, toshe ƙofar za ka yi gaba ɗaya.

Yadda ake rufewa ya danganta da kamfani. A Panasonic da yawa, idan ka shiga wurin saka lambar ka danna tauraro a maimakon lambobi, lambar tana gogewa, sauraro daga nesa ya mutu. Gigaset sun bi wata hanya da ta burge ni: muddin lambar sirrin na'urar tana kan 0000 da ta zo da ita, sauraro daga nesa ba ya aiki sam, sai ka saka taka. Haka ya kamata kowa ya yi. Wasu kuma suna da wurin kunnawa da kashewa a cikin saituna.

Akwai waɗanda ba su da hanyar rufewa ko ɗaya. Idan taka irin wannan ce, zaɓi biyu ya rage: ka bi mataki na huɗu da na biyar ka rage ɓarna, ko ka sauya na'ura.

Bayan ka rufe, maimaita kiran nan biyu na mataki na biyu, da amsawa a kunne da kuma a kashe. Kada ka yarda da abin da allo ya nuna, kunnenka ne shaida.

4. Canza lambar, sannan ka gwada ƙarfin kwaɗon

Idan kana buƙatar ƙofar, shiga saituna ka saka sabuwar lamba. Yi amfani da duk tsawon da na'urar ta yarda. Idan tana karɓar daga biyu zuwa huɗu, huɗu za ka saka.

Kada ka zaɓi jerin da ke hawa ko sauka, ko lamba ɗaya da aka maimaita, ko shekarar haihuwa, ko wutsiyar lambar wayar kanta, ko lambar gidan. A 2012 wani mai nazarin alƙaluma, Nick Berry, ya duba lambobin sirri masu lamba huɗu kimanin miliyan 3.4 da suka fallasa, ya tarar kusan kashi 11 cikin ɗari 1234 ne, 1111 na biye. Har 2580 ma tana cikin waɗanda ake yawan zaɓa, don kawai layin tsakiya ce a madannin waya daga sama zuwa ƙasa. Kuma kada ka ɗauko lambar katin bankinka ko ta buɗe wayarka ka saka a nan. Wannan kwaɗon shi ne mafi rauni a cikin duk waɗanda kake da su, bai kamata ya riƙe mabuɗin sauran ba.

Hanya mai sauƙi ta samun lambar da ba ta da alaƙa da kai: rubuta 0 zuwa 9 a ƙananan takardu, ka cakuɗa, ka zaro, ka mayar, ka sake zarowa har ta cika. Idan abin da ya fito ya yi kama da jeri, sake.

Yanzu mu yi lissafi, don ka san iyakar abin da ka samu. Lambar sirri mai lambobi biyu, daga 00 zuwa 99, ɗari ce kacal. Na'urori da yawa suna katse kira bayan kuskure uku, amma ba sa hana a sake kira, ba sa kulle kansu, ba sa kuma rubuta cewa wani ya gwada. Uku-uku a kowane kira, kira 34 sun ƙare duka ɗarin, kuma galibi kafin a kai ƙarshe an dace. Mai lambobi uku dubu ce, mai huɗu dubu goma. Ka ga ke nan kowace lamba ɗaya da aka ƙara tana ninka wahalar ɓarawo sau goma.

Sai dai akwai wani rauni da ya fi wannan muni, kuma shi ne dalilin gwajin da ke tafe. Wasu na'urori, musamman tsofaffi, ba sa karɓar lambobi rukuni-rukuni su ce daidai ko kuskure. Sauraro kawai suke yi, da zarar lambobin ƙarshe da aka danna sun yi daidai da nasu sai su buɗe, ba ruwansu da abin da ya gabata. A irin wannan na'ura, wanda ya danna 12345 ya gwada 123 da 234 da 345 a lokaci ɗaya. Kowane danni sabon gwaji ne. Masana lissafi sun daɗe da sanin yadda ake tsara dogon jeri guda da ya ƙunshi kowane haɗi sau ɗaya tak. Ana kiransa da sunan Nicolaas de Bruijn, ɗan ƙasar Holan da ya yi rubutu a kai a 1946. Da irin wannan jeri, lambobi biyu danni 101 ne a maimakon 200. Lambobi uku danni 1,002 ne a maimakon 3,000. Mai danna maɓalli biyu a daƙiƙa zai gama na farko kafin minti ɗaya ya cika, na biyu kuma cikin minti takwas da ɗoriya. Kwamfuta ta fi haka sauri nesa ba kusa ba.

Ga gwajin. A ce sabuwar lambarka 583 ce. Kira daga waya ta biyu, na'ura ta ɗauka, ka danna 7, 1, 5, 8, 3 a jere ba tsayawa. Na'ura mai hankali za ta ɗauki 715 a matsayin gwaji ɗaya, ta ce kuskure, ta bar 83 a rataye. Idan kuwa ta buɗe maka, to irin mai raunin nan ce. Idan lambarka mai biyu ce, lamba ɗaya za ka sa a gaba. Mai huɗu kuma, sa biyu ko uku. Abin lura shi ne kada yawan lambobin ƙaryar ya yi daidai da tsawon lambar sirrin, in ba haka ba gwajin bai nuna komai ba.

Sai gwaji na biyu: sake kira ka yi ta danna lambobin kuskure da gangan, kana ƙirgawa. Bayan nawa ta katse? Idan ka wuce ashirin tana nan tana saurarenka, rubuta wannan ma.

Na'urar da ta faɗi gwajin farko, kuma ba ta katse kira, canza mata lamba kusan wasa ne. Ko ka rufe ƙofar kamar yadda aka faɗa a mataki na uku, ko ka nemi wata. Idan sabuwa za ka saya, duba littafinta kafin ka biya: lambobi huɗu aƙalla, akwai hanyar kashe sauraro daga nesa, kuma tana katsewa bayan kuskure kaɗan.

5. Rage abin da ke bayan ƙofar

Tunda kwaɗon ba shi da ƙarfi, sai a rage abin da wanda ya shiga zai tarar. Koma littafin ka karanta jerin umarnin da ake iya bayarwa daga nesa, ɗaya bayan ɗaya. Ba sauraro kaɗai ba ne.

Na farko da za ka nema shi ne sauraron ɗaki. Wasu na'urori suna barin mai lambar sirri ya kunna makirufonsu daga nesa ya ji abin da ake faɗa a ɗakin, na ɗan lokaci, wani lokacin ana iya sabuntawa. A littafi za ka ga an rubuta "Room monitor". An yi shi ne don iyaye su ji motsin yara, amma ka yi tunanin na'urar tana kan teburin da ake tattauna sirrin aiki, ko a gefen gado. Kashe shi. Idan ba ya kasuwa, ɗauke na'urar ka kai ta inda ba a zama ana hira.

Na biyu, canza gaisuwa. Wanda ya shiga yana iya goge muryarka ya naɗi tasa. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta daɗe tana gargaɗi a kan wata damfara da ake yi da haka: a sauya gaisuwar zuwa murya mai cewa "eh, na yarda zan biya", sannan a yi kiran ƙasashen waje irin wanda mai karɓa ke biya, kuɗin ya hau kan mai layin. Don haka idan kamfanin layinka yana ba da damar toshe irin wannan kira da kiran ƙasashen waje, kuma ba ka amfani da su, sa a toshe.

Na uku, tura saƙo ko sanarwa zuwa wata lamba. Idan na'urarka tana da shi, duba lambar da ke ciki taka ce ko a'a, in ba ka amfani da shi ka kashe.

Na huɗu shi ne saitin da ake kira "Toll saver". Idan akwai sabon saƙo na'urar tana ɗauka bayan ƙara biyu, idan babu sai bayan huɗu ko biyar, don mai gida ya ajiye waya kafin a caje shi. Dabara ce mai kyau, amma tana gaya wa kowane mai kira ko akwai saƙon da ba a saurara ba. Kwana uku tana ɗauka a ƙara biyu, ai an san ba kowa a gidan. Mayar da ita kan adadin ƙara tsayayye.

Gaisuwar kanta ma a duba ta. Kada ka ce ka yi tafiya sai ranar kaza, kada ka faɗi cikakken suna idan gida ne. "Ba a samu damar ɗauka ba, a bar saƙo" ya isa. Kuma ka riƙa goge saƙo da zarar ka saurara ka rubuta abin da kake buƙata. Na ga na'ura mai saƙonnin shekara biyu a ciki, har da sakamakon asibiti. Abin da aka goge ba mai sata.

6. Gwajin ɗauke wuta

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake. Zare na'urar daga soket, ka jira minti biyar, ka mayar. Kira ka gwada sabuwar lambar, sannan ka gwada tsohuwar ta masana'anta. Wasu na'urori idan wuta ta ɗauke kuma batirin ajiya ya mutu, komai yana komawa yadda ya fito daga kwali, har da lambar sirri, ba tare da wata sanarwa ba. Idan taka ta manta, sa sabon batir ka maimaita. Idan ba ta da wurin batir kuma tana mantawa, to duk lokacin da ka ga agogonta ya rikice, ka san lambar ma ta koma.

7. Yadda za ka riƙa shiga daga waje

Kowane maɓallin waya sauti biyu yake fitarwa a haɗe. Na 5, misali, 770 ne da 1336 a ma'aunin kaifin sauti da ake kira Hz. Duk wanda ya naɗi sautin yana iya mayar da shi lambobi da ƙaramar manhaja. Saboda haka kada ka danna lambar sirri waya tana kan lasifika a cikin mutane. Idan wayar aro ce, ko ta otal, ko ta wani ofis, tuna cewa lambobin da ka danna suna iya zama a allo ko a maɓallin sake kira. Goge, ko ka kira wata lamba a bayanta. Idan ka dawo daga tafiyar da ka yi amfani da wayoyin mutane, canza lambar.

A ofis, ƙirga mutum nawa suka san ta. Ranar da ɗaya ya bar aiki, ranar ake canzawa, ko da lafiya aka rabu.

8. Akwatin saƙon murya na wayar hannu

Wanda ba shi da wayar tebur zai ce wannan duk bai shafe shi ba. Ya shafe shi, har ma ya fi. Layukan hannu da yawa suna da akwatin saƙon murya a wurin kamfani, a kunne tun ranar da aka sayi layi, da lambar sirri irin 0000 ko 1234, kuma ana iya shigarsa daga wata waya. Cuta ɗaya ce, sai dai abin da ke bayan wannan ƙofar ya fi tsada.

Ga yadda ake yi wa mutane. Ɓarawo ya saka lambarka a WhatsApp a wayarsa, cikin dare kana barci. Maimakon saƙon tes, sai ya zaɓi a kira a karanto lambar tabbatarwa mai lambobi shida. Ba ka ɗauka ba, kiran ya faɗa akwatin saƙo, muryar ta karanta lambar a can. Shi kuma ya shiga akwatin da lambar masana'anta ya kwashe. Da safe ka tashi an fitar da kai daga asusunka, ana roƙon kuɗi da sunanka. Hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta yi gargaɗi a kan wannan salo a 2018. A Brazil kuma, a 2019, ta akwatin saƙon murya aka bi aka shiga asusun Telegram na manyan jami'ai, ciki har da ministan shari'a na lokacin, Sergio Moro. A can dabarar ita ce a yi kira da lambar bogi mai kama da ta mai layin, domin akwai tsarin da ba ya tambayar lambar sirri idan ya ga kamar kai ne ke kiran kanka.

Abin yi, bi da bi. Fara da gano ko kiranka yana faɗawa akwati: danna *#61# ka kira, zai nuna inda ake tura kira idan ba a ɗauka ba, *#62# idan waya a kashe take ko ba sabis, *#67# idan kana kan wani kiran. Waɗannan lambobin na tsarin GSM ne, suna aiki a yawancin layuka. Idan ka ga wata lamba, kwafe ta ka tambayi kamfanin layinka ko ta akwatinsu ce. Idan ba tasu ba ce, kuma ba kai ka saka ba, wani yana karkatar da kiranka.

Idan ba ka amfani da akwatin, danna ##002# ka kira, zai soke duk wata turawa. Gargaɗi: wannan yana soke har turawar da kai ka saka da kanka zuwa wani layinka, kuma wasu kamfanoni suna mayar da tasu bayan ɗan lokaci. Don haka ka kira su ka ce a rufe akwatin daga wurinsu, sannan ka kashe wayarka ka kira ta da wata ka ji abin da zai faru.

Idan kana amfani da shi, shiga ka canza lambar sirri zuwa mafi tsawon da aka yarda, ka kuma kunna tambayar lambar sirri a kowane shiga, ko daga wayarka ne. Danna lambobi shida kullum akwai gajiya, na sani, amma wannan saitin ne yake tare mai lambar bogi.

Ƙarshe, shiga saitunan WhatsApp da Telegram ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A WhatsApp lamba shida ce da kai za ka zaɓa, a Telegram kalmar sirri. Ka haɗa da imel ɗin da kake iya buɗewa, don ranar mantuwa.

9. Idan kana zargin an riga an shiga

Alamun ba su da yawa, domin na'urar ba ta ajiye tarihin masu shiga. Saƙon da ba ka taɓa ji ba amma yana cikin tsofaffi, fitila ba ta ƙyafta masa ba. Mutum ya ce ya bar maka saƙo, ka duba babu. Gaisuwa ta canza. Na'urar da ka kashe ka dawo ka tarar a kunne. Kira da yawa a jere daga ɓoyayyar lamba cikin dare, ko saƙonnin da babu komai a ciki sai tsuwar maɓallai. Wannan na ƙarshe kusan tabbas ne, wani ne yake gwada lambobi na'urar ta naɗe shi.

Kada ka yi gaggawar gogewa. Ɗauki hoton jerin kiran da suka shigo da ranakunsu da lokutansu, ka naɗi saƙonnin tsuwar da wata waya. Bayan haka zare igiyar layi daga na'urar, ka canza lamba ko ka rufe ƙofar, ka saurari gaisuwar, ka duba lambar tura saƙo. Nemi cikakken lissafin kira daga kamfanin layi ka duba ko akwai na ƙasashen waje da ba ka sani ba. Idan akwai, kai ƙorafi a rubuce da wuri, da hotunan nan a haɗe. Sai ka zauna ka tuna abin da ke cikin saƙonnin da aka iya ji. Idan akwai lambar tabbatarwa ta banki ko ta wani asusu, canza kalmar sirrin wannan asusun a ranar. Idan ofis ne kuma bayanan abokan hulɗa ne a ciki, a sanar da su.

Ranar da za ka sayar da na'urar, ko ka bayar, ko ka jefar, goge saƙonni da gaisuwa da jerin lambobi, ka mayar da ita saitin masana'anta, sannan ka jona ta ka danna maɓallin sauraro ka ji da kunnenka cewa babu komai. Idan irin mai ƙaramin kaset ce, cire kaset ɗin ka riƙe.